Daga zauren malam zuwa anfi: da wa ɗanka zai zauna a benci?



Duk shekara in sakamakon bak ya fito, kwana biyu ake yi ana guɗa ana rabon alawa. A rana ta uku sai gida ya yi tsit, don an iso kan tambayar da ta fi jarabawar kanta wuya: ina za a kai yaron? Da can amsar ɗaya ce, Yamai. Yau kuwa ga jami'a nan cikin gari, ga ta Maraɗi, ga ta Tawa, ga Sayi ga masu Larabci, ga kuma ƙananan makarantu masu zaman kansu a Yamai da Kano da Kwatano, masu tallar aji mai sanyi da ɗalibai 'yan kaɗan, inda malami ya san sunan kowa. Saƙonnin da ke shigo mana a irin wannan lokaci kusan duk a kan kuɗin makaranta suke: nawa ne a shekara, ana karɓa kashi-kashi? Da wuya ka ji wani ya tambayi su wane ne ɗaliban wurin, 'ya'yan wa ne, me suke ci da rana, me suke sawa, da wane harshe suke hira in an fito daga aji. Ni kuwa a ganina babbar tambayar ke nan, kuma tsohuwa ce a garin nan. Kakanninmu sun sha fama da ita tun kafin a san wani abu wai shi bak.

Mu koma zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa, ya rasu a 1884. A lokacin Damagaram tana kai gaisuwa Kukawa wurin Shehun Borno, fatakenta kuma suna zuwa Kano, wasu har Tarabulus ta cikin hamada. Uban da ke son ɗansa ya yi karatu hanya biyu ce a gabansa. Ta farko ya tura shi gabas, ƙasar Barebari, ya je ya haddace Alƙur'ani, ya tashi daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi, in Allah ya nufa ya dawo alaramma. Ta biyu kuma, bayan an sauke, ya zauna a zauren wani malami ya yi ilimi: a fara da Ahalari da Ishmawi, a wuce Iziyya da Risala, mai himma ya kai Muhtasar, a haɗa da nahawu da lugga da hisabi. In kun duba da kyau, wannan zauren shi ne ƙaramar jami'armu ta asali. Ɗalibai ba su da yawa, kowa da littafinsa da inda ya tsaya, malam yana ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, saura suna saurare. Ba sana'a ake koya maka ba, ana buɗe maka kai ne, sana'a kuwa ka nemo ta a kasuwa.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne dalilin da ya sa mai hali, wanda ke iya ajiye malami a ƙofar gidansa, yake tura ɗansa nesa. Tsofaffi suna cewa yaro ba ya karatu a kusa da tukunyar uwarsa. Ana son ya je inda ba a san ubansa ba, ya kwana a bukka ɗaya da ɗan manomi, su yi itace tare, su hura wutar karatun dare tare. Wato da gangan ake raba shi da dukiyar gidansu na 'yan shekaru. To amma kar mu yi wa tarihi kwalliya. Ko a can arziki bai ɓuya duka ba. Ɗan attajiri fatake suna kawo masa saƙo, kuma yana da littafin kansa, a zamanin da takarda sai an ratso hamada da ita, irin mai alamar wata uku da ake yi a Italiya. Ɗan talaka kuwa sai ya yi wa malam noma, ya yi ɗinkin hula, ya ari littafi ya kwafa da hannunsa. Duk da haka tabarma ɗaya ce, kuma wanda ya fi hadda shi ke gaba ko ɗan waye. Halin da almajirai ƙanana suke ciki a titunanmu yau wani zance ne daban, mai ciwo, za mu ba shi ranarsa.

Sai Annasara ya zo. A 1898 aka kashe kyaftin Cazemajou a garin nan, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A 1899 aka gwabza a Tirmini, Faransawa suka shiga Zinder. A 1906 suka tuɓe Amadu ɗan Bassa bisa zargin shirya masu tawaye, sarauta ba ta koma gidanta ba sai 1923 da aka naɗa Barma Mustafa. Ku riƙe waɗannan shekaru a rai, don su ne suke bayyana yadda mutane suka kalli lakwal. Wanda ya kashe maka sarki, ya tuɓe wani, ya ɗora maka aikin tilas, shi ne kuma ya dawo yana cewa ka ba shi ɗanka ya koya masa karatu. Wa zai miƙa da daɗin rai?

Su Faransawa sun san abin da suke nema. Tun 1855 gwamna Faidherbe ya buɗe wata makaranta a Sen Luwi ta Senegal, sunanta ma ya isa bayani: makarantar 'yan garkuwa. Daga baya aka sassauta sunan, aka ce ta 'ya'yan sarakuna. Manufar ita ce a riƙe ɗan sarki don uban ya yi biyayya, a kuma rene shi yadda in ya gaji gadon zai yi mulki da harshen kumandan. Haka tsarin ya bazu. Kumandan ya aiko wa sarki ko mai gari cewa yara kaza ake so bana. A wurare da yawa masu sarauta suka yi dabara: suka ɓoye nasu, suka tura 'ya'yan bayi da na barori da marayun da ba su da mai tsaya masu. Uwaye mata suna ɓoye yara cikin rumbu, ana ba ɗan aike kaza ko akuya ya kau da kai. Kusan kowane gida na tsofaffi yana da irin wannan labarin.

Kun san yadda ta ƙare. Bayan shekara ashirin, yaron da aka tura don a fanshi ɗan gida shi ne tafinta, shi ne akawun kumandan, shi ne mushe mai albashi a ƙarshen wata. Bayan shekara arba'in, irinsu ne suka zama 'yan majalisa da ministoci. Masu sarauta sun auna abokan zaman 'ya'yansu da addininsu da al'adarsu, suka ga lakwal ba wurin ɗan mutunci ba ne, kuma ba za a ce tsoronsu na banza ba ne: makarantar da ake rataya wa yaro sambol a wuya don ya yi Hausa ko Barbarci a farfajiya ai ba ta zo da niyyar girmama gidansu ba. Abin da ba su hango ba shi ne cewa mulki da albashi sun riga sun koma can. Da suka farga, wasu sun yi masu nisa. A 1926 kuma aka ɗauke babban birni daga Zinder aka kai Yamai, makarantun gaba suka fi tattaruwa a yamma, ɗan Damagaram mai son ci gaba da karatu ya zama matafiyi.

Ƙololuwar wannan tafiya ita ce makarantar William Ponty, wadda ta zauna a tsibirin Gore daga 1913, aka maida ta Sebikotan a 1938. In ana neman ƙaramar makaranta mai zaɓen ɗalibai da tsinke a tarihin Afirka ta Yamma, to ita ce. Daga kowace ƙasa 'yan ƙalilan ake ɗauka ta hanyar gasa. Daga Nijar su Bubu Hama da Diori Hamani da Jibo Bakari sun bi ta can, daga Kodebuwa Houphouët-Boigny, daga Mali Modibo Keita. Ɗaki ɗaya, tufafi iri ɗaya, kwano ɗaya. Ana sa su wasan kwaikwayo, ana kuma sa kowa ya rubuta ɗan littafi a kan al'adun garinsu, da Faransanci. A nan dukiyar uba ba ta da wani tasiri, gwamnati ce ke ciyarwa. Amma wata irin dukiya ta yi aiki: ɗan bakin teku wanda kakansa ma ya yi lakwal, ya taso yana jin Faransanci a gida, ba daidai yake da wanda ya zo daga Sahel ya fara ganin cokali mai yatsu a ranar da ya iso ba. Kuma makarantar ta ƙera masu wata al'ada tasu, har aka ba su suna guda, 'yan Ponty. Sun san juna, sun yarda da juna, sun kafa jam'iyyu tare, sun kuma yi gaba irin ta waɗanda suka san sirrin juna, kamar yadda ta kasance tsakanin Diori da Jibo. Ƙaramar makaranta ke nan: abin da ka fito da shi ba takarda kaɗai ba ce, har da mutanen da za ka yi shekara arba'in kana cin karo da su.

A ƙetaren iyaka Ingilishi sun yi nasu. A 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawar Kano, a 1921 kuma aka kafa kwalejin Katsina, wadda daga baya ta koma Kaduna, ta koma Zariya, ta zama Barewa. Su sun fi lallashin sarakuna, sun bar darasin addini da Larabci, sun bar yara da rigunansu na gida, suka ƙara masu da wasannin 'ya'yan manyan Ingila irin su kurket. A nan Ahmadu Bello, jinin Shehu Usmanu, ya yi karatu, a nan kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi, wanda mahaifinsa hidima yake a gidan hakimi. Makaranta ɗaya ta yaye ɗan sarauta da ɗan bara, ɗaya ya zama firimiyan Arewa, ɗayan ya zama firaministan Najeriya. Daga nan zuwa Kano bai kai kilomita 250 ba, amma iyakar Turawa ta sa yaranmu sai su nufi Dakar.

Lokacin da Nijar ta samu 'yanci a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba. Saboda ƙarancin nan gwamnati ta rungumi duk wanda ya ci jarabawa. Ku tambayi iyayenmu da suka yi antarna a lise ko a makarantar horon malamai: gado, bargo, sabulu, kaki, abinci sau uku, ga ɗan kuɗin aljihu. Ɗan alhajin Zongo da ɗan manomin Tanut ko Magarya ko Gure layi ɗaya suke bi da kwano a hannu. Wata tara a shekara arzikin gida yana ɓoye, sai an tafi hutu ake gane wanda mota ta zo ɗauka da wanda zai jira babbar mota a tasha. A 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, a 1973 ta zama jami'a, wadda tun 1992 take ɗauke da sunan Abdu Mumuni. Kuɗin yuraniyom na ƙarshen shekarun 1970 ya sa burs tana fita, mai digiri kuma aiki na jiran sa. A wancan zamani ba wanda ke tambayar su wa ke makarantar, don kowa da kowa ne ke cikinta. Ni dai ban ga wani abin da ya haɗa 'yan ƙasar nan wuri ɗaya kamar antarna ba, kuma ba a cika ba ta haƙƙinta in ana tarihi ba.

Da farashin yuraniyom ya faɗi a shekarun 1980, masu ba da bashi suka zo da sharuɗɗan tsuke bakin aljihu. Aka yi ta rufe antarna, yaron ƙauye ya koma neman mai masauki a birni, wani ya dace da gidan kirki, wani ya zama ɗan aike da ɗiban ruwa, a garin da kowa ya san abin da ruwa yake nufi. Burs ta fara makara. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗalibai suka fito a Yamai, aka buɗe masu wuta a gadar Kennedy, uku suka rasu. Wannan jinin yana cikin abin da ya kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991, wanda ɗan garin nan, masanin tarihi André Salifou, ya shugabanta. Sai kuma karyewar darajar sefa a Janairun 1994, da yajin aiki, da shekarun da aka soke ɗungurungum ba jarabawa. Daga nan ne masu hali suka fara janye 'ya'yansu a hankali, na farko daga firamare, sannan daga kwaleji da lise, daga ƙarshe har daga jami'a. Abin da antarna ta haɗa, kasuwa ta zo ta rarraba shi gwargwadon aljihu.

Gwamnati ta yi ƙoƙarin kusanto da karatu. Jami'ar Musulunci ta Sayi ta fara aiki a 1986. A 2008 aka buɗe cibiyoyin fasaha a Zinder da Maraɗi da Tawa, a 2010 suka zama jami'o'i, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Tamu yanzu sunan André Salifou take ɗauke da shi. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga gidan da ba zai iya tura yaro kusan kilomita 900 ba, musamman 'ya mace. A gefe guda kuma masu zaman kansu suka yawaita. A Maraɗi an buɗe jami'ar Maryam Abacha a 2013, da Ingilishi take koyarwa, kuma 'yan Najeriya ne suka fi cika ta. A nan ne tsohuwar tambayar ta dawo da sabuwar riga.

Ba mu kaɗai ke fama da ita ba. A Amurka akwai wasu ƙananan kwalejoji da suka shahara da irin karatun zauren da na faɗa a sama, wato a buɗe wa ɗalibi kai da tarihi da falsafa da lissafi da adabi kafin ya zaɓi fanni. Irin su Williams da Amherst, kowace ɗalibanta wajen dubu biyu ne, kusan duk a cikin makarantar suke kwana. Kuɗin shekara guda, da abinci da ɗaki, ya haura dala dubu 80, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Suna ɗauke wa 'ya'yan talakawa masu ƙoƙari kuɗin, wani lokaci duka. Amma wani bincike da aka fitar a 2017 ya nuna cewa a makarantu 38 na ƙasar, 'ya'yan kashi ɗaya cikin ɗari mafi arziki sun fi yawa a kan 'ya'yan kashi sittin na ƙasa gaba ɗayansu. Wani malami mai suna Anthony Jack, wanda shi kansa ɗan talaka ne da ya yi Amherst, ya fitar da littafi a 2019 a kan yadda irinsa suke rayuwa a manyan makarantu. Cikin abin da ya gano: in an ba da ɗan gajeren hutu, 'ya'yan masu kuɗi sun tafi yawon buɗe ido, sai a rufe ɗakin cin abinci, waɗanda ba su da kuɗin komawa gida su zauna da yunwa. An ɗauke masu kuɗin makaranta, amma ba wanda ya tuna da cikinsu, don masu tsara kalandar ba su taɓa tunanin akwai wanda ba zai tafi ba.

Akwai kuma waɗanda suka bi wata hanya. Kwalejin Berea a jihar Kentaki, da aka kafa a 1855, ba ta karɓar kuɗin karatu, masu ƙaramin ƙarfi take ɗauka, kuma kowane ɗalibi sai ya yi wa makaranta aikin aƙalla awa goma a mako. Azikiwe da Nkrumah a wata ƙaramar jami'ar baƙaƙen fata suka yi karatu, Lincoln, Nkrumah kuwa har tallar kifi da aikin jirgin ruwa ya yi don ya riƙe kansa. A Gana, Patrick Awuah ya buɗe Ashesi a 2002 da ɗalibai 30 a gidan haya, ɗalibanta kuma suka amince a tsakaninsu su riƙa rubuta jarabawa ba mai gadi. Kun ga ƙanƙanta ba ita ce matsala ba, ba kuma ita ce magani ba. Ƙaramar makaranta kamar ƙaramin ƙauye take: duk al'adar da ta kafu a ciki, mai kyau ko maras kyau, ba ta da inda za ka kauce mata.

A nan ne nake son iyaye su tsaya. A anfin jami'ar gwamnati, inda ɗaruruwa ke cunkushe, wasu a tsaye, wasu a bakin taga, talauci yana da wurin ɓuya. Ba mai kallon takalminka. In ba ka da na gahawa, akwai ɗari irinka, ku haɗu ku yi fadarku, ku yi karo-karon shayi, ku ci tikitin resto ɗaya ku biyu. Illarta sananniya ce: malami bai san ka ba, shekarar karatu tana iya jan jiki ta shiga wata, lisans ta shekara uku ta ci huɗu ko biyar, burs ta makale. A aji mai mutum ashirin da biyar kuwa malami ya san ka, ana gama shekara a kan lokaci, amma kowa ya san wayar da ke hannunka, ya san kala nawa kake da su, ya san ko da babur ka zo ko da ƙafa. Ana bikin zagayowar haihuwar wance, an ce kowa ya kawo kaza. An fitar da anko. An ce aikin gida da kwamfuta za a yi shi, a turo ta intanet kafin safe. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke rubuce a takardar talla. Mu ɗauka kabu-kabu da abin karyawa kawai suna cin jaka ɗaya a rana: kwana 22 a wata, wata tara, ka tasam ma jaka ɗari biyu, ba a zo kan haya da fotokofi da kuɗin waya ba. Uba ya sayar da gona ko shanu ya biya kuɗin makaranta yana ganin ya gama, alhali yaro ya shiga wani bashin da ba ya iya faɗa masa. Namiji sai ya fara ƙarya a kan gidansu. Mace kuwa, mu faɗi gaskiya, akwai masu motoci da suka san irin wannan matsi, suna kuma jiran sa a bakin ƙofa.

Kar a fahimce ni ba daidai ba, zama da 'ya'yan masu hali ba laifi ba ne, yana ma da riba. Ɗan ajinku da ubansa ke da kamfani ko yake babban ofis shi ne zai gaya maka inda ake neman masu sitaj, shi zai kai takardarka. Tarihin 'yan Ponty da 'yan Katsina ya nuna haka ƙarara. Yaron da ya san kansa, wanda aka gaya wa gaskiyar gidansu tun yana ƙarami bai kuma ji kunyarta ba, zai iya shiga cikinsu ya fito da ilimi da mutane. Wani kuma, mai ƙoƙari ne a takarda amma zuciyarsa ba ta jure kallon raini, irin wannan anfi da 'yan uwansa sun fi masa alheri ko da zai yi asarar shekara. Uwa ta fi kowa sanin wanne ne nata a cikin biyun, don haka a daina yanke wannan shawara a zaure ba tare da an shiga cikin gida an tambaye ta ba.

Sai maganar al'ada, wadda ba kuɗi kaɗai ba ce. Ɗan Damagaram da ya je Kano ko Maraɗi cikin 'yan Najeriya zai ji Hausa, ya ga masallaci, ya ci tuwo, amma karatu da Ingilishi ne, kuma za a yi masa dariyar lafazi kafin a saba. Wanda ya je Yamai zai tarar da Zabarmanci a kasuwa da Faransancin 'yan gayu a aji. Wanda ya je Kwatano ko Lome zai yi azumi cikin mutanen da yawancinsu ba sa yi. Duk ana iya rayuwa da su, kakanninmu sun je Kukawa ba su jin Barbarci. Amma gara yaro ya san abin da zai tarar tun kafin ya hau mota. A tuna kuma da 2023, da aka rufe iyaka wata da watanni, yadda masu 'ya'ya a ƙetare suka sha wahalar aika kuɗi da ganin yaransu.

In da za a bi tawa, kafin a biya ko dala, a je makarantar da ƙafa, ba ranar da suka gayyaci iyaye ba, a'a, wata ranar Talata a ƙarshen wata, da tsakar rana. A tsaya a ga me ɗalibai ke ci, a ina, su wa ke zaune da su wa. A nemi ɗalibin shekara ta biyu wanda ba ɗan masu kuɗi ba, a tambaye shi nawa yake kashewa a wata da gaske. A tambayi hukumar makarantar mutum nawa take ɗauke wa kuɗi a kowane aji, don in ɗaya ne tak, to ɗanka zai zama abin nuni, in kuwa sun kai kashi ɗaya cikin uku, yana da abokan tafiya. A tambayi inda 'yan mata ke kwana da wanda ke kula da ƙofar. A tambayi malamai nawa ne nata na kanta, nawa ne kuma masu zuwa daga jami'ar gwamnati su yi awa biyu su wuce, don sau da yawa malamin da kake biyan kuɗi mai yawa ka gani shi ne dai wanda ke koyarwa a anfi. Sannan a nemi ganin takardar izinin gwamnati, a kuma bincika ko CAMES, hukumar da aka kafa a Yamai a 1968 mai mazauni a Wagadugu, ta amince da ainihin wannan diflom ɗin, ba sunan makarantar kawai ba.

Iyayenmu da suka yi antarna a shekarun 1960 da 1970, a nan Zinder ko a Yamai ko a Tawa, muna roƙon ku rubuto mana ko ku aiko da murya: su wa kuka kwana da su a ɗaki, daga wane gari, kuma ina suke yau. Za mu karanta a shirinmu na gaba in Allah ya kai mu.